Dariya Lokacin Dokar Hana Fita: Daga Samanja zuwa Daɗin Kowa

Duk wanda ya yi shekarar 2015 a Diffa yana da abin da yake tuna ta da shi. Wani ƙarar bindiga ce daga wajen gadar Dutsi, wani buhunan tattasai da aka hana shi fitarwa, wani kuwa motonsa da ya jingine a zaure har tayoyin suka sace. Ni abin da na fi tunawa, ko da za a ce yarinta ce, shi ne dariya. Ina ɗan shekara goma sha biyu a lokacin, ina ajin sizyem, kuma duk daren da aka sami kuran mukan shimfiɗa tabarmi a tsakar gida mu zuba wa tele ido.

A wannan ɗan rubutu ina so in bi tarihin wasan barkwanci na Hausa a rediyo da tele, in nuna yadda ya iso tsakar gidanmu, sannan in faɗi wani abu guda da na daɗe ina juyawa tun da na fara karatun kimiyyar harshe a Yamai. Yawancin dariyar da muke yi a waɗannan wasanni, dariyar bakin mutum ce, wato yadda yake furta Hausa. Mu kuwa mutanen Mangari, akasarinmu da wani harshe muka fara buɗe baki kafin Hausa. To idan ana dariyar gurguwar Hausa, mu muna cikin masu dariya ne ko cikin waɗanda ake yi wa?

Kafin tele ta shigo gidanmu

Babana bai tashi da tele ba, da rediyo ya tashi. Gidan rediyon Kaduna ana kama shi sarai a bakin Komadugu, kuma ta nan ya san Samanja Mazan Fama. Mai wasan, Usman Baba Pategi, Banufe ne daga garin Pategi na jihar Kwara, an haife shi a 1942, ya yi aikin soja na gaske a Najeriya, ya rasu a watan Nuwamba na 2023. Wasan ya yi tashe tun daga shekarun 1970, bayan yaƙin basasar da aka yi daga 1967 zuwa 1970, lokacin da bariki ya cika da sojoji daga kowace ƙabila.

Sunan kansa darasi ne. “Samanja” muƙamin sojan Ingilishi ne da bakin Bahaushe ya tauna ya mayar nasa, kamar yadda aka sami kofur da saje da kyaftin. Mu a wannan ɓangare da Faransa ta mulka, kafaran da ajidan muka gada. Hausar da Samanja yake yi ita ce ta bariki, wadda masana suke kira Barikanci: Hausa ce da aka sauƙaƙe, aka cakuɗa da Turancin buroka, ba ruwanta da bambance namiji da mace. Ya yi wa kurata tsawa da wannan Hausa, ya koma gida a yi masa abin da ya fi ƙarfin igiyoyin da ke hannun rigarsa. Babana har yau idan ya ga mun yi jerin gwano wajen wanke hannu, sai ya ƙame ya kwaikwayi muryar, mu fashe.

Abin lura shi ne, Samanja ba ɗan rakiya ba ne a wasansa. Shi ne mai gida, shi ne jarumi. Ana dariyar bakinsa, amma a ƙarshen shiri sau da yawa shi ke faɗin gaskiyar da aka taru a ji. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A zamanin akwai wasu. Akwai Ƙasimu Yero na Zariya da wasansa Karambana, wanda ya rasu a 2017. Akwai Karkuzu na Bodara daga Jos. A nan gida Nijar, zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, samariya da bikin matasa na ƙasa sun raya wasan daɓe, kuma Yazi Dogo ya zama sunan da kowa ya sani ta Muryar Sahel da Tele Sahel. Tele ba ta yawaita a gidaje ba a lokacin, sai a taru wuri guda a kalla. Daga 1990, da fim ɗin Turmin Danya, kasuwar bidiyo ta Kano ta buɗe, kaset ya fara tsallako iyaka tare da sauran kaya, daga baya faifai ya karɓe shi. Sarkin dariya na wannan zango shi ne Rabilu Musa Ibro, mutumin Ɗanlasan ta wajen Wudil. A zamaninsa kwaikwayon bakin ƙabilu ya zama sana'a sosai: ga mai fitowa a Bagware, ga Baban Chinedu mai fitowa a ɗan ƙabilar Ibo, ga masu kwaikwayon Bafillace da Buzu da Bayarabe. Ibro ya rasu a watan Disamba na 2014. Wata biyu bayan nan yaƙi ya ƙwanƙwasa ƙofarmu.

Shekarar da aka rufe ƙofa

Tun a watan Nuwamba na 2014, da ƴan Boko Haram suka kama Damasak, mutane suka yi ta tsallako kogi. Wasu suka zauna Gagamari da Shetimari, wasu aka kai su sansanin Sayam Foraj, da yawa kuwa gidajen dangi da abokan ciniki suka shiga. Haka muka sami baƙo, wani dattijo abokin cinikin tattasan babana, wanda muke kira Baba na Damasak. Ya zo da jikoki biyu da buta da carbi. Ba a gaya mana inda matarsa take ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai hari Bosso da Diffa. Cikin ƴan kwanaki gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar baki ɗaya. Aka hana hawa moto, aka hana fitar da tattasai da kifi, aka sa dokar hana fita da dare. Wanda ya san Diffa ya san abin da wannan yake nufi. Tattasai ne zinariyarmu, kabu-kabu ne abincin samari, fada kuma ita ce majalisarsu. Dare ɗaya duk aka rasa su. Wasu gidaje suka kwashe zuwa Damagaram, mu muka zauna.

A daidai wannan lokaci ne tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta shigo gidaje ta parabol, kyauta. Wata ƙungiyar Amurka mai suna Equal Access ce ta kafa ta, da kuɗin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, kuma cikin manufofinta akwai yaƙi da tsattsauran ra'ayi. Wannan sai da na girma na sani, kuma ya kamata a faɗe shi, don tarihi ba ya son ɓoye mai biyan kuɗi. Amma a tsakar gidanmu ba wanda ya damu da Washinton. Abin da muka sani shi ne Daɗin Kowa.

Tun da ba a fita, maƙwabtan da muke katanga ɗaya da su sukan shigo kafin lokacin doka, su kwana nan idan ta kama. Akwai Kaka, mahaifiyar babana, Bamangiya ta gidi wadda take ganin Hausa yaren kasuwa ne kawai. Akwai innata, Badamagariya. Akwai wata maƙwabciya Bafillatana mai sayar da nono. Akwai Baba na Damasak can gefe kan buzunsa, yana jan carbi, baya ga tele.

Abin da ya ba mu dariya

Daɗin Kowa na cikin shirin ƙagaggen gari ne, amma kowa ya san shi. Ba wasan dariya zalla ba ne, yana taɓa shaye-shaye, almajiranci, auren dole, zaman Musulmi da Kirista, da yadda ake yaudarar matasa su shiga ta'addanci. A 2016 ya ci kyautar gwarzon shirin Hausa a gasar AMVCA ta Legas. Sai dai mu yara, wuraren dariya muke jira.

Na farko teburin Ɗantani mai shayi. Nan labarin gari yake sauka, a ƙara masa gishiri, ya tashi ya fi yadda ya zo. Yayyena da aka raba da fadarsu sukan ce wannan teburi ne ya rage musu. Na biyu Malam Nata'ala, malamin tsangaya mai iyali da almajirai, wanda ba a rasa shi da dabarar da za ta kawo ɗan abin sawa a aljihu. Kaka takan ce ta san malamai uku irinsa, ta fara lissafa su da suna, babana ya yi maza ya ƙara muryar tele.

Amma sarakunan dariyarmu su ne Kamaye da matarsa Adama. Shi talaka mai yawan baki a waje, ita kuwa idan ta buɗe nata bakin sai ya nemi wurin ɓuya. Innata takan riƙe ciki tana cewa, “Malam, ga ɗan'uwanka nan.” Babana ya ce, “Ni? Allah ya kiyaye,” yana gyara zama.

Rabin dariyar ma ba daga tele take fitowa ba. Kaka ba ta jin Hausar Kano da sauri, sai ta dafa maƙwabciyarmu ta tambaye ta me aka ce. Bafillatana kuwa da gangan take juya fassarar. Ta ce, “Kaka, cewa ya yi duk Barebari bayin Fulani ne.” Kaka ta ɗaga sanda ta ce, “Ke da kika zo garin nan da ƙwarya ɗaya? Mu muka koya muku kwana a ɗaki!” A yi ta yi har a manta da shirin. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasan taubasantaka tun kaka da kakanni, ba mai fushi, kuma duk wanda aka jefa yana da damar ramawa nan take.

Wata rana, ana tsakiyar faɗan Adama da Kamaye, sai muka ji wata irin dariya daga baya, mai kama da tari. Muka waiwaya. Baba na Damasak ne ya juyo da buzunsa yana kallo, kafaɗunsa na rawa. Watanni ke nan yana gidanmu, ba wanda ya taɓa ganin haƙorinsa. Innata ta yi mana ido kada mu kalle shi. Daga ranar ya zama shi ke tambaya ko yau akwai Kamaye.

Daren da dariya ta tsaya

Baba Hausarsa ta ciniki ce, irin ta dattawan Barebari. Ba ya cewa ƙasa sai kasa, ba ya cewa ɗaki sai daki, kuma mace da namiji duk “ya” ne a wurinsa. Mu yara mun mayar da wannan abin wasa a bayan idonsa. Ƙanena ya iya kwaikwayonsa har ba a bambancewa.

Wani dare Adama ta tasa Kamaye gaba kan kuɗin cefane. Muna cikin dariya sai Baba ya nuna tele da carbinsa ya ce, “Wannan mata, haka nawa ya ke. Kullum ya yi fada, kullum ya ajiye mini abinci.”

Ƙanena ya toshe baki, ni ma dariyar ta taso mini, saboda “ya” ɗin. Sai Baba ya ƙara da cewa, “Ranar kogi, shi ya ce ni dauki yara, shi yana zuwa baya.” Ya yi shiru. Ya ce, “Bai zo ba.”

Ba wanda ya motsa. A tele ana ci gaba da hayaniya, Kamaye na rantse-rantse. Kaka ce ta fara magana, da Barbarci, a hankali, ta yi masa ta'aziyyar da ba a samu an yi ba tun zuwansa. Maƙwabciyarmu da ba ta rabuwa da tsokana ta ja mayafi ta rufe fuska. Babana ya kai hannu zai kashe tele, Baba ya ce, “A'a, Malam, bar shi. Ina so na ji muryansa.”

Na sha kallon wurare masu taɓa zuciya a Daɗin Kowa, musamman inda ake nuna waɗanda rikici ya raba da garuruwansu. Daga baya, da aka fara Gidan Badamasi a 2019, na sha dariyar Alhaji Badamasi, attajirin marowaci a keken guragu, da tulin ƴaƴansa irin su Yaya Ɗankwambo, kowa idonsa kan dukiya, na kuma ji tausayin tsohon da gidansa ya cika da mutane amma ba mai tambayarsa yadda ya kwana don Allah. Duk da haka babu wurin da ya kai wancan dare, kuma ba marubucin shirin ne ya rubuta shi ba. Shirin ya buɗe ƙofa ne kawai, Baba ya shigo da nasa.

Abin da karatu ya nuna mini

Sai da na zo jami'a na gane cewa abin da muke wa dariya ba kuskuren Baba ba ne, tsarin harshensa ne yake leƙowa ta cikin Hausa. Hausa tana cikin dangin harsunan Cadi. Barbarci yana cikin dangin Sahara, ba su haɗa kaka ba. A Barbarci babu jinsin nahawu. Wakilin suna ɗaya ne ga mace da namiji, kuma abin mamaki, lafazinsa “shi” ne. Don haka Babarbare da ya ji “shi” a Hausa, sai ya ɗauka ya tsinci nasa ne a gidan maƙwabci. Haka kuma babu ɓ, ɗ, ƙ a cikin sautukansa, shi ya sa ƙafa da kafa, ɗaka da daka, ƙarya da karya suke zame masa abu guda. Aikatau ma a ƙarshen jimla yake zuwa a Barbarci, a Hausa kuwa a tsakiya. Bahaushen da ya gwada Barbarci shi ma haka yake tuntuɓe, Kaka ta shafe shekara ashirin tana dariyar innata a kan haka.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Tun a 1960 masanin harshe Joseph Greenberg ya nuna cewa Hausa ta ari kalmomi masu nauyi ta hannun Barebari: karatu, rubutu, kasuwa, da sarautu irin su galadima da ciroma da yarima. Wato kalmar da nake amfani da ita in ce ina “rubutu” yanzu, ta bakin kakannin Baba ta bi kafin ta iso wurina. Da na san haka ina shekara goma sha biyu, da na rage baki.

Ba cewa nake a daina dariyar harshe ba. Wanda ya ce haka bai san ƙasar nan ba. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan taubasantaka na Nijar cikin gadon al'adun duniya, kuma rabin wannan wasa kwaikwayon baki ne: Barebari da Fulani, Zabarmawa da Gobirawa, Katsinawa da Nufawa. Amma wasan yana da sharaɗi. Dole a san juna, dole a iya ramawa, dole kuma ranar wuya taubashi ya zama na farkon zuwa. Bafillatanar da ta kira Kaka baiwa ita ce ta kwana tana mata fifita da zazzaɓi ya kama ta.

Tele ba ta da wannan sharaɗi sai marubuci ya sa shi da gangan, domin mai kallo ba ya iya ramawa. Idan a kowane shiri mai gurguwar Hausa shi ne wawa, shi ne maigadi, shi ne wanda ake damfara, to an fita daga wasa an shiga raini. Ma'aunin da na samu mai sauƙi ne: shin mai wannan baki yana samun ranar da zai yi gaskiya, ko ranar da zai yi kuka a ji tausayinsa? Samanja ya samu. Da yawa daga masu kwaikwayon ƙabilu a finafinan kaset ba su samu ba.

Kada a ce wannan ƙaramar magana ce. Mu ƴan Diffa mun san lokacin da baki ya zama takardar shaida. A waɗancan shekaru, mutum ya buɗe baki a mota ko a shingen bincike a ji Barbarci a cikin Hausarsa, sai kallo ya canza. Ni kaina a makon farko a Yamai, da na faɗi garinmu, wani ɗalibi ya ce, “Kai, a bincika jakarsa!” Aka yi dariya, ni ma na yi, don ban san abin da zan yi ba. Wannan ba taubasantaka ba ce. Bai san ni ba, ban da abin ramawa, kuma ba na jin zai zo ranar wuya.

Kammalawa

Sojojin Nijar da Cadi sun ƙwato Damasak a watan Maris na 2015, amma Baba bai koma ba sai bayan shekara biyu. Ranar tafiyarsa ya dafa kan ƙanena ya ce, “Kai mai kwaikwayo, yi mini nawa na ji.” Ashe ya sani tuntuni. Ƙanena ya sunkuyar da kai, Baba ya matsa, ya yi masa, Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce saura kaɗan. Sannan ya rama, ya kwaikwayi Barbarcin ƙanena mai karyayyen ƙugu, gida ya ɗauka. A ranar ne wasan ya zama halal, don an yi shi ido da ido kuma an rama.

Ƴan'uwana masu rubutu a wannan ɗan littafi, tarihin waɗancan shekaru ana ta rubuta shi da adadin matattu da na ƴan gudun hijira, kuma dole ne a rubuta. Amma ku tambayi na gida me suka kalla, me ya ba su dariya, wa ya fara yin shiru. Wannan ma tarihi ne, kuma idan ba mu rubuta ba babu mai rubuta mana. Wanda Allah ya ba baiwar wasan kwaikwayo a cikinmu, ga tsakar gida nan kyauta: Bamange, Bafillace, Batube, Balarabe, Buduma da Bahaushe, kowa da Hausarsa, kowa da ranar da zai yi gaskiya.

Da na kawo wannan rubutu a duba kafin a kai fotokofi, wata ƴar ajinmu ta ja layi ƙarƙashin maganar Baba ta rubuta “ta” a saman kowane “ya”. Na gode mata, na ce ta bar shi yadda yake. Haka ya faɗa, kuma duk wanda ke wurin ya gane wa yake nufi.